Daga Bakin Rijiya Zuwa Cikin Kasuwa

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100. Ƙasa ce ta rairayi da jigawa. Daga kudu akwai gonakin hatsi da wake. Daga arewa kuwa, in an haye kwarin Tarka, sai dajin kiwo. Tun shekara ta 1961 gwamnati ta kafa doka, ta ja iyaka tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Saboda haka a kasuwar Dakoro ake gamuwa: Bahaushe da buhun hatsinsa, Bafillace da shanunsa, Ba'abzine da raƙumansa.

Baƙon da ya zo daga birni yana iya cewa ba abin kallo a nan, daga rijiya sai tulu, sai rawani, sai ƴan kuɗin cefane. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da labari, wani ma labarinsa ya faro daga ƙetaren teku.

Sa da wasaki

Rijiyoyin ƙasar nan suna da zurfi ƙwarai. Da yawa sun zarce mita 50. In mutum ya leƙa, ba ya hangen ruwa sai ɗan ƙyalli can ƙasa. Mai jan ruwa da hannu a irin wannan rijiya, kafin ya shayar da shanu goma tafin hannunsa ya sale. Don haka makiyaya suka nemi dabara. Sukan kafa icce mai gwafa a bakin rijiya, su maƙala wani guntun icce kewayayye a tsakanin gwafar, wanda aka sassaƙa wa hanya a tsakiyarsa. Igiya tana bi ta cikin hanyar, shi kuma yana juyawa. Da Faransanci sunansa poulie. A bakin igiya ɗaya akwai wasaki, wato babban guga na fata. Ɗaya bakin kuwa an ɗaure shi ga sa, ko raƙumi, ko jakuna biyu. Yaro ya kora san, sa ya yi nisa, wasaki ya hau. Babba yana tsaye a bakin rijiya, ya kama wasaki ya juye a komi, ya yi kira, yaro ya komo da sa.

A lura da abu ɗaya. Iccen nan mai juyawa bai rage nauyin wasaki ko da kilo guda ba. Aikinsa shi ne sauya wa ja hanya. Ruwa sama ake son ya hau, sa kuwa ba ya iya tafiya sama, sai gaba. Da igiya ta bi ta kan iccen, sai tafiyar gaba ta koma hawa. Ban da wannan, igiya ba ta gugar bakin rijiya, saboda haka ba ta saurin tsinkewa. Wanda ya ga itatuwan bakin tsohuwar rijiya, yadda igiya ta ci su ta yi musu ramuka kamar haƙoran zarto, ya san amfanin wannan.

Mutum yana iya sanin zurfin rijiya ba tare da ya shiga ba. Hanyar da sa ya daddage da kofatonsa, daga bakin rijiya zuwa inda yake juyowa, ita ce zurfin rijiyar, an shimfiɗe shi a ƙasa. Sai a auna da taki.

Ga misali. Rijiya mai zurfin mita 60, wasaki mai cin lita 40. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne, wato sa yana jan kilo 40 ban da nauyin fata da igiya. Makiyayi yana da shanu 60, kowace saniya tana shan lita 30 da bazara. Ruwan da ake bukata lita 1800 ke nan, wato wasaki 45. Kowane ja, sa ya tafi mita 60 ya komo mita 60. In an haɗa, sa da yaron da ke korarsa sun yi tafiyar mita 5400, fiye da kilomita biyar, alhali ba su bar bakin rijiya ba. Sau da yawa yaron nan sa'an ƴan aji uku ne ko huɗu, kuma wannan aiki shi ya hana shi zuwa makaranta.

Ƙahon wanzami da fanfo

To, me ya hana a zura bututu a rijiya, a sa fanfo a sama ya tsotso ruwan, a huta? An gwada, tun da daɗewa. Wajen shekaru 400 da suka wuce, masu aikin fanfo a ƙasar Italiya suka lura fanfon tsotso ba ya ɗaga ruwa ya wuce mita 10, kome kyawonsa, kome ƙarfin mai bugawa. Abin ya ɗaure wa malamai kai, har da babban masani Galileo. Almajirinsa Torricelli shi ya warware matsalar a shekara ta 1643.

Ya ce ba tsotso ke jawo ruwa ba, iska ce ke turo shi. Iska tana da nauyi. Tana danne kome a bayan ƙasa, kusan kilo guda a kan kowane wuri mai faɗin farcen babban yatsa. Mutane ba sa ji don a cikinta aka haife su. In an fitar da iskar da ke cikin bututu, iskar waje da ke danne da fuskar ruwa sai ta tura ruwan cikin bututun. Amma ƙarfinta yana da iyaka: mita 10 na ruwa, daga nan ta gaza. Torricelli ya gwada da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi fiye da sau goma sha uku. Sai zaiba ta tsaya a santimita 76 cikin bututun gilashi. Wannan bututu shi ne ma'aunin nauyin iska na farko, irinsa masu duban yanayi suka yi ta aiki da shi.

Wanzamin kasuwa ya san aikin nan, ko da bai taɓa jin sunan Torricelli ba. In zai yi ƙaho, yakan ɗora ƙahon a bayan mutum, ya tsotse iskar ciki ta ɗan ramin tsini, ya toshe. Ƙaho ya manne. Ba danƙo aka shafa ba, iskar waje ce ta danne shi.

Don haka a rijiya mai zurfi ba a sa fanfo a sama. Can ƙasa cikin ruwa ake zura shi, ya riƙa turo ruwan daga ƙasa. Turi ba shi da wannan iyaka ta mita 10.

Ruwan da ya girmi kowa

Ruwan rijiya ruwan sama ne da ya nitse cikin rairayi. Na kusa-kusa, na daminun baya ne. Amma wanda ke can ƙasa sosai, masana sun auna shi sun tarar wani ya shekara dubbai a kwance. Ya sauka ne a zamanin da ƙasar nan ba haka take ba.

Tsakanin shekaru 10,000 da 5,000 da suka wuce, inda ake kira hamada yau ciyawa ce da tabkuna. Kwarin Tarka, da yara suka sani busasshe, hanyar kogi ce ta dā. Tabkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. A shekara ta 2000 wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan dabbobin dā a hamadar Tenere, sai ya faɗa kan tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake ce wa Gobero. An sami kaburbura wajen 200. Kusa da su akwai ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan kada, da na dorina, da na giwan ruwa. Masunta ne suka zauna a wurin da yau ko ɗigon ruwa babu.

Mutanen wancan zamani ba su bar rubutu ba, amma sun bar zane. A Dabus, arewa da Agadas, a kan hanyar Arlit, akwai wani dutse da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya fi mita 5 tsawo, daidai girman mai rai. Mai sassaƙar ba shi da ƙarfe, da dutse ya sassaƙi dutse, amma bai bar ko ɗaya daga cikin dabbare-dabbaren fatar ba. Daga bakin kowane raƙumin dawa an ja wani layi ya sauka zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Masana suna gardama a kan layin nan. Wasu sun ce igiya ce, wasu sun ce alama ce ta addininsu.

Raƙumin dawa ya komo Gadabeji

Tsofaffin ƙasar Dakoro sun san raƙumin dawa da idonsu. Yana yawo a dajin Gadabeji, wanda aka keɓe domin namun daji tun shekara ta 1955, mai faɗin hekta 76,000. Farin shekarun 1970 da bindigar mafarauta suka ƙarar da shi. Haka ya ɓace a Mali, da Senegal, da Nijeriya. A shekara ta 1996, irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma saura guda 49 tak a duniya, dukansu a wajen Kure, kusa da Yamai. Da waɗannan sun mutu, da shi ke nan, sai a zane.

Gwamnati ta hana kashe su, mutanen ƙauyukan Kure kuma suka yi haƙuri da su, ko da yake sukan shiga gona su ci wake. Kafin shekara ta 2018 sun haura 600. Sai masana suka ce ajiye su duka wuri ɗaya hatsari ne, don ciwo guda yana iya share su. A watan Nuwamba na shekarar aka kama guda takwas, aka ɗora su a manyan motoci, kawunansu a waje suna kallon hanya, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su har Gadabeji. Wajen shekaru hamsin ke nan rabon dajin da su. Daga baya sun haihu a can.

Dabba ce mai ban mamaki. Wuyanta ya kai mita biyu, amma ƙasusuwan wuyan bakwai ne, daidai da na mutum, daidai da na ɓera. Tsawo kawai kowane ƙashi ya yi. Harshenta ya kusa rabin mita, da shi take zaƙulo ganye daga tsakanin ƙayoyin farar ƙaya da aduwa. Cikinta wata goma sha biyar. A tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa, kuma ranar da aka haife shi ya kai babban mutum tsawo.

Matsalarta irin ta mai rijiya ce: yaya za a kai ruwa sama? Zuciya ita ce fanfon jiki, kan raƙumin dawa kuwa yana mita biyu bisa zuciyarsa. Saboda haka zuciyarsa tana tura jini da ƙarfin da ya ninka na mutum. In ya zo shan ruwa, sai ya tale ƙafafun gaba ya sunkuya. Da jinin nan mai ƙarfi zai kwarara cikin kansa gaba ɗaya, amma jijiyoyin wuyansa suna da ƴan ƙofofi da ke tare shi.

Hausawa sun ga ya yi kama da raƙumi, suka ce raƙumin dawa. Rumawan dā su ma haka suka gani, suka haɗa masa sunan raƙumi da na damisa. Kalmar Faransanci girafe kuwa daga Larabci aka aro ta. Faransawa ba su ga mai rai a ƙasarsu ba sai da mai mulkin Masar, Muhammadu Ali, ya aika wa sarkinsu da wata mace kyauta. Jirgin ruwa ya sauke ta a Marsai a shekara ta 1826. Da shekara ta kewayo aka tafi da ita Paris a ƙasa, kwana 41 tana tafiya, an ɗinka mata rigar ruwa, ana kore da shanun tatsa don ta sha madara. Tsawon tafiyarta ya yi kusan daidai da na takwas ɗin nan da aka kawo Gadabeji, sai dai su a mota suka zo.

Tulu da bido

Ruwan da aka ɗebo da safe, in an zuba rabi a tulu rabi a bidon roba, aka ajiye su inuwa ɗaya, da azahar na tulu ya yi sanyi, na bido ya yi ɗumi. Dalili shi ne tulu yana gumi. Jikin yumɓu cike yake da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya ɗauki zafi, kuma zafi mai yawa: busar da lita guda tana cin zafin da ya fi na tafasa ta sau biyar. Daga jikin tulu yake ɗaukar zafin nan, sai abin da ya rage a ciki ya huce. Salkar makiyayi haka take aiki, haka kuma gumin jikin mutum. Shi ya sa ruwan tulu ya fi sanyi da rani, lokacin da iska take a bushe, bisa ga tsakiyar damina. Wadda ta shafe tulunta da fenti don ado, ta toshe ƙofofin, ta mai da shi bido.

Wani malamin makaranta a Jigawa ta Nijeriya, Muhammad Bah Abba, ya ɗauki wannan tsohuwar dabara ya ƙara mata. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yalo da tumatir da kan lalace cikin kwana uku, sai suka yi makonni. An ba shi kyautar Rolex a shekara ta 2000.

Dala nawa?

A aji, malam ya rubuta 500 francs a allo. A kasuwa, mai tebur ya ɗaga takardar nan ya ce dala ɗari. Dukansu sun yi daidai, amma yaron da bai san dalili ba yakan rikice, wani lokaci har a cuce shi wajen canji. Dala guda tamma biyar ce. Don a sami tamma, sai a ninka dala sau biyar. Don a sami dala, sai a raba tamma gida biyar. Dala ashirin 100 ke nan, dala metan 1000, ita ce jikka guda.

Daga ina dala ta fito? Wajen shekara ta 1520, a wani kwari na ƙasar Turai mai suna Joachimsthal, wanda ke cikin ƙasar Cek yau, aka haƙo azurfa mai yawa aka buga manyan kuɗi da ita. Mutane suka gajarta sunan kwarin suka ce taler. Daga taler aka sami dola ta Amurka, aka sami dala ta Hausa. Wadda ta fi yawo a Afirka ita ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai nauyin giram 28. Sarauniyar ta mutu a shekara ta 1780. Amma fatake a ƙasashen Larabawa da Afirka sun saba da fuskarta, ba su yarda da wata ba. Don haka aka ci gaba da buga kuɗin, kullum da shekara ta 1780 a jiki, ko da an buga shi bayan shekaru ɗari. Ayari ya kawo su ta hamada. Da yawa sun ƙare a wutar maƙeran farfaru, sun koma zobba da awarwaro. Da Faransawa suka zo da tasu babbar azurfa ta tamma biyar, mai kusan girma ɗaya, sai aka ce mata dala ita ma. Azurfar ta tafi, kuɗin sefa ya zo a shekara ta 1945, amma lissafin bai sake ba.

Kafin dala akwai wuri. Ita kanta kalmar kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata ƴar dabbar teku ce, daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Mutumin Gobir da bai taɓa ganin teku ba, da abin teku yake sayen goro. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa a farkon shekara ta 1851, kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya tarar da wani attajiri da mutanensa sun duƙufa suna ƙidayar wuri 500,000, biyar-biyar, suna tarawa tsibi-tsibi. A Kano ya tarar dala guda ta azurfa tana bakin wuri 2500. Wuri 20,000 ake zubawa a jikka guda, nauyinta ya fi kilo 20. Mai zuwa sayen doki sai ya nemi jakunan da za su ɗauki kuɗin. Yau jikka takarda ce da yaro zai naɗe ya sa a aljihu, amma sunan buhun bai bar ta ba.

Rawani mai walƙiya

A kasuwar raƙuma akan ga Abzinawa da baƙin rawani mai ƙyalli kamar an shafa masa mai. Turkuɗi ke nan. Ba a ƙasarsu ake yin sa ba. Daga Kura yake zuwa, kudu da Kano, inda aka daɗe ana saƙa shi ƙyalle-ƙyalle sirara, a ɗinke, a rina.

Rini da baba shi ma abin kallo ne. Ganyen baba kore ne, ba shuɗi ba. Marina sukan zuba shi a karofi da ruwa da toka, su bar shi kwanaki ya ruɓa. In an tsoma farin zane aka fitar, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. Sai ya sha iska, nan take a gaban ido ya rikiɗe ya koma shuɗi. Abin da ke faruwa shi ne shuni ba ya narkewa cikin ruwa. Ruɓar nan ta cikin karofi ita ke sake shi ya narke ya shiga zare. Da iska ta taɓa shi sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, wanki ba ya fitar da shi. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har ya yi baƙi. Ƙyallin kuwa aikin masu bugu ne. Sukan barbaɗa garin shuni a kan zanen, su yi ta dukansa da tabarya bisa gungume. Wannan shuni na sama yana zuba a fatar mai rawani, shi ya sa Turawa suka riƙa kiran Abzinawa shuɗɗan mutane. A shekara ta 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba da ganye ba. Irinsa ake rina wandon jin da samari ke sawa.

Rana ta karɓi aikin sa

A gefen kasuwa akwai mai cajin salula, da wani baƙin faranti a kan rumfarsa. Abin da ke cikin farantin ana ce masa silikon, daga yashi ake tace shi. In hasken rana ya faɗa masa sai ya ba da lantarki. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya fara lura haske yana iya ba da lantarki a shekara ta 1839, yana ɗan shekara goma sha tara. Farantin silikon mai amfani kuwa a Amurka aka fara yin sa, a shekara ta 1954.

Nijar ba ta makara ba a wannan fanni. Tun shekara ta 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin, kafin shekara ta 1970 kuma an gwada kunna talabijin ɗin makaranta da hasken rana. Babban masanin wannan ilmi, Abdu Mumuni, a Tasawa aka haife shi a shekara ta 1929. Daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na dafa abinci da rana. Ya kuma rubuta littafi a kan ilmi a Afirka, a shekara ta 1964, inda ya nemi a koyar da yara da harshen da suka tashi da shi. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a shekara ta 1973. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa.

Yanzu a wurare da dama na ƙasar kiwo an haƙa rijiyar burtsatse, an zura fanfo can ƙasa, an jera farantai a sama. Rana ta fito, ruwa ya hau tanki, ba sa, ba igiya, yaro ya sami zuwa makaranta. Amma makiyaya sun lura da wani abu. Rijiyar wasaki ba ta shayar da dabbobi fiye da abin da sa zai iya ja a yini, don haka garken da ke kewaye da ita ba ya fin ƙarfin ciyawa. Inda ruwa ya zo da sauƙi kuwa, garkuna sukan taru daga ko'ina, kafin bazara ta yi nisa sun cinye ciyawar kewaye sun bar rairayi. Ruwan da fanfo ke turowa kuma, wani tun zamanin masuntan Gobero yake kwance, damina guda ba ta mayar da abin da aka ɗiba.

Tambayoyi

1. Iccen nan mai juyawa a bakin rijiya, wane aiki yake yi, wane aiki ne kuma ba ya yi?
2. Me ya sa ƙahon wanzami yake mannewa a jiki?
3. Waɗanne abubuwa aka samu a Gobero da suka nuna akwai ruwa a wurin a dā?
4. Don me aka raba raƙuman dawa tsakanin Kure da Gadabeji?
5. Rijiya tana da zurfin mita 45, wasaki yana cin lita 30. Raƙuma 12 za su sha, kowane lita 60. Wasaki nawa za a ja? Mita nawa sa zai yi, tafiya da komowa?
6. Akuya ta yi kuɗi jikka goma sha biyu da dala hamsin. A rubuta kuɗin da tamma, a kuma faɗe shi da Faransanci.

Aiki

A cika kofin gilashi da ruwa har baki, a rufe da guntun kwali, a dafe da hannu, a kife kofin, sa'an nan a janye hannu a hankali. A rubuta abin da aka gani, da dalilinsa.

Kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho a unguwarsu sunayen namun dajin da ya gani da idonsa yana yaro, waɗanda ba a gani yanzu. A kawo sunayen aji, a rubuta su da Hausa da Faransanci.